Kwikwiyona yana tsoron kowa, ya zan yi da shi?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum. Sati uku ke nan da na sayo ɗan kwikwiyo daga Jos, irin Alsatian ɗin nan, yanzu satinsa 10. Don gadi na saye shi, domin sau biyu ɓarayi suna haura mana katanga bana, har batirin sola suka ɗauke. Wanda ya sayar min ya ce in kulle shi a keji, kada kowa ya gan shi sai ni, wai haka zai yi zafi. Na bi maganarsa. To jiya na sake shi ya sha iska, mai ruwa ya turo kurarsa, sai ga kwikwiyon, Jaki sunansa, ya ruga ƙarƙashin mota yana gurnani, har da fitsari. Karen da ke gudun ɗan garuwa ne zai tare ɓarawo?

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Baban Sadiq, tun wuri ka buɗe kejin nan. Daga sati 3 zuwa wajen 14 ne kare yake koyon abin da zai saba da shi, kai kuwa saura kaɗan lokacin ya wuce maka. Tamu karyar haka muka yi mata: kullum da la'asar maigidan yakan zauna da ita a tsakar gida, duk wanda ya shigo, mai shara ne, mai wanki ne, a ba shi guntun dafaffiyar hanta ya jefa mata daga nesa. Ba a kamo ta a kai, ita take matsowa don kanta. Janareta ma daga can baya muka fara kunnawa tana cin abinci. Kada dai ka ba shi tsire, albasa guba ce gare su.

Yara ne kawai sai ka tsaya a kai. Nawa sun so su mai da ita doki.

Dan Tudu:
Ni fa ban yarda ba. In ya saba da kowa, ai ɓarawo ma kaɗa masa jela zai yi.

Malam Sabo mai kaji:
Dan Tudu, karen da aka tsare ba jarumi yake zama ba, matsoraci yake zama, shi ne mai cizon almajiri ko ɗan maƙwabci. Wanda ya san mutanen gida da rana, shi yake gane baƙon ƙarfe biyun dare. Haushin gadi kuwa sai ya fara girma yake zuwa da kansa.

Baban Sadiq, an yi masa allurar rigakafin parvo, cutar nan mai sa kwikwiyo amai da gudawa? In bai gama ba kada ka fita da shi titi inda karnuka ke kashi, a kawo masa mutane gida. Ta haukan kare kuma sai ya cika wata 3, ka je wajen likitan dabbobi, ka adana katin.

Baban Sadiq:
Ɗaya aka yi masa, ta biyu ranar Asabar. Na gode. Mai ruwan ya ce zai jefa hantar, amma daga bakin ƙofa.