Ranar da sojojin maƙwabta suka naɗe kayansu, wa ya gani da idonsa?

Direban Monguno:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Tun da Nijar ta sanar da ficewarta daga rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi, mai yaƙi da Boko Haram, a watan Maris na 2025 abin ke ci mini tuwo a ƙwarya, don na taɓa ganin irinta. A Janairun 2020 da Chadi ta kwashe sojojinta 1,200 daga Borno, ina kan hanyar Maiduguri zuwa Monguno. Na iske mutanen Gajiganna a bakin titi da ƙullin kaya, wata tsohuwa tana janye da akuya, tukunya a ka. Ban ji ƙarar bindiga ba ranar. Ganin motocin soja sun juya ne ya tashe su. Wanda ya ga makamancin haka ya ba mu labari.

Hajiya mai tattasai, Diffa:
Amin wa alaikumus salam, ɗana. A Maris na 2015 sojojinmu da na Chadi suka tsallaka kogin Komadugu suka ƙwato garin Damasak na jihar Borno daga hannun Boko Haram. Yaron ƙanwata yana cikinsu. Ya bugo mini waya murya a dushe, ya ce Inna mun karɓi gari, amma wa za mu danƙa wa? Idriss Deby ma, shugaban Chadi na wancan lokacin, ya fito fili yana ƙorafin ba su ga sojojin Najeriya sun zo sun karɓa ba. Kwana da kwanaki uwarsa ba ta runtsa ba.

Tsohon saje:
Hajiya kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Na yi aiki a yankin kafin ritaya. Hedkwatar rundunar tana Njamena, a lokacin sassa huɗu ne: Mora a Kamaru, Baga-Sola a Chadi, Monguno a Najeriya da Diffa a Nijar. Sai dai kowane soja gwamnatinsa ke biyansa, ita kuma yake saurare. Mun taɓa bin sawun mahara har bakin ruwa, muna hango ƙurarsu a tsallake, muka tsaya jiran izini ta rediyo har rana ta faɗi. Wallahi har yau abin na yi mini zafi. 'Yan Chadi sun gwanance da farmakin gaggawa a kan motocin Toyota, su buga su wuce. Riƙe gari kuwa sai da ɗimbin mutane, abinci, mai da magani, wata da watanni. A nan ake samun saɓani. Da Najeriya ta tattara dakaru a manyan sansanoni a 2019, asarar soja ake son ragewa, amma ƙauyuka da dama suka zauna ba mai gadi.

Ɗan Baga-Sola:
Baba saje, a ji namu uzurin ma. Ranar 23 ga Maris 2020 Boko Haram suka kashe mana soja kusan 100 a Bohoma, a yankin tafkin ɓangaren Chadi. Maƙwabcina yana ciki, ni na riƙe wa matarsa yara ranar da saƙo ya iso. Shi ya sa da Deby ya ce Chadi kaɗai aka bar wa kayan, mutane suka gaskata shi. Ɗansa Mahamat, wanda ya gaje shi, ya sake barazanar janyewa a 2024 bayan harin da aka kai wa sojojinmu a Barkaram.

Direban Monguno:
Allah ya jiƙan maƙwabcin naka, ya raya marayun. Hajiya, yaron ya dawo lafiya kuwa?

Hajiya mai tattasai, Diffa:
Ya dawo, alhamdu lillahi. Yanzu yana taya ni shanyar tattasai, amma ba ya son a ambaci Damasak a gabansa.