Wace manhaja ce mai sauƙi da zan ga fasalin gyaran gidana kafin a fasa bango?

Mazaunin Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar zanen gida a waya ko a kwamfuta. Shekara biyu ke nan da na sayi wani tsohon gida mai ɗaki uku da falo a Agege da ke Legas, ba bene ba ne, kuma filinsa rabin fuloti ne, ƙafa 60 a kan 60. Wanda ya gina shi bai yi shi da tsarin zamanmu ba, domin baƙo yana shigowa sai ya tsinci kansa a tsakiyar falo, yana hangen kicin da ƙofar ɗakin uwargida. Ina son in yanke wani ɓangare na falon ya zama wurin baƙi maza da ƙofarsa daban, in faɗaɗa kicin, sannan in gyara ɗan filin da ke baya a samu wurin shanya, wurin wasan yara da bishiya ɗaya ko biyu.

Abin da ya sa nake neman manhaja shi ne darasin da na koya bara. Na yi wa birkila bayanin inda nake son sabuwar taga da baki, har na zana masa a ƙasa da tsinke, ya ce ya gane. Da na dawo daga kasuwa da yamma sai na tarar ya fasa ta tana kallon katangar maƙwabci, ba iska ba haske. Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai, ni ma ban ga abin a idona ba kafin in faɗa. Ina da wayar Android da tsohuwar kwamfutar hannu, wuta kuma kun san yadda take. Ban taɓa koyon zanen gini ba, kuma ba ni da lokacin zama in koyi AutoCAD, manhajar zanen da ƙwararru ke aiki da ita. Me kuke ganin zai dace da irina?

Ɗalibin Zane daga Yaba ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Tunda kana da kwamfuta, ko da tsohuwa ce, shawarata ita ce ka fara da Sweet Home 3D. Kyauta ake sauke ta daga shafin masu ita, wani Bafaranshe mai suna Emmanuel Puybaret ne ya ƙirƙiro ta, kuma da zarar ka ɗora ta a kwamfuta ba ta buƙatar intanet, wanda a wurina shi ne babban dalilin fifita ta a garin da data ke ƙarewa ana tsakiyar aiki. Babban ɓangaren fuskarta kashi biyu ne: a sama kana jan bango da linzamin kwamfuta kamar mai zane a takarda, a ƙasa kuma gidan yana tashi a gabanka nan take, har kana iya shiga cikinsa ka zagaya kamar mai tafiya da ƙafa. Da ita za ka tsaya a bakin ƙofar baƙi ka duba ko ana hangen kicin, wanda shi ne ainihin damuwarka.

Sai dai kafin ka buɗe ta, ka sayi tef na awo ka kwashe yini guda kana auna gidan tare da wani yaro mai riƙe maka baki ɗaya. Ka auna tsawo da faɗin kowane ɗaki daga ciki, da tsayin sili, da faɗin kowace ƙofa da taga, da nisanta daga kusurwa mafi kusa. Kada ka manta da kaurin bango, domin nan ne masu koyo suka fi yin kuskure. Bulo mai inci 9 idan an yi masa filasta ciki da waje yana kaiwa wajen inci 10 ko fiye, mai inci 6 kuma wajen inci 7, saboda haka idan ka bar kaurin da manhajar ta zo da shi, za ka ga fili a kwamfuta wanda babu shi a ƙasa. Tana karɓar awo da ƙafa da inci ko da mita, ka zaɓi wanda birkilanka yake aiki da shi tun farko. Idan wanda ya sayar maka ya ba ka takardar zanen gidan, ka ɗauki hotonta ka saka a matsayin shimfiɗa, ka bi layukanta, amma duk da haka ka gwada da tef, domin tsofaffin gidaje ba kasafai suke daidai da takardarsu ba.

Akwai wani abu a cikinta da mutane da yawa ba sa lura da shi, wato alamar da ke nuna arewa. Idan ka daidaita ta, ka shigar da wurin da Legas take, kimanin digiri 6 da rabi arewa da tsakiyar duniya, ka zaɓi rana da lokaci, hoton da za ta fitar zai nuna maka inda hasken rana ke faɗawa. Tagar da ke kallon yamma ita ce ke gasa ɗaki daga azahar zuwa magariba. Wannan alamar za ta taimake ka wajen alƙibla ma, wadda daga Legas gabas ce da ta karkata zuwa arewa, ta yadda za ka san inda za a fuskanta a wurin baƙi da yadda za a aza masai idan za ka ƙara banɗaki. Rauninta biyu ne a ganina: kujeru da kayan kicin da ke cikinta irin na Turai ne, kuma ba ta da ƙarfi a wajen lambu, filin waje a shimfiɗe take ɗaukarsa.

Uwargida daga Ikorodu ta amsa:

Alhaji, sannu da ƙoƙari. Ban musa abin da ɗalibinmu ya faɗa ba, amma ina son in yi magana a madadin wadda za ta yini a kicin ɗin. Zanen layuka da lambobi na birkila ne, uwargida kuwa hoto take son gani, kuma a waya, inda za ta juya shi da yatsa ta ce a matsar da wurin wanke-wanke kusa da taga. A nan manhajojin waya irin su Planner 5D da Home Design 3D suke da amfani, domin cikin awa ɗaya mutum zai iya haɗa ɗaki, ya sa kabad, ya canza launin tayil. Akwai kuma magicplan, wadda ke amfani da kyamarar waya ta fitar da fasalin ɗaki, ko da yake ni ba zan sayi tayil bisa awon kyamara ba sai na tabbatar da tef.

Abin da zan ja hankalinka a kai shi ne kalmar kyauta. Galibin manhajojin waya saukewa ce kyauta, amma kyawawan kayan da ke ciki da fitar da hoto mai kyau sai an biya. Na taɓa kwashe dare uku ina tsara kicin ɗina a wata daga cikinsu, da na zo fitar da zanen in kai wa kafinta sai ta nemi kuɗin wata-wata da dala, katina na naira kuma ya ƙi wucewa. Ƙarshenta hoton fuskar waya na ɗauka, babu awo a jiki. Saboda haka tun ranar farko ka zana ɗaki ɗaya na gwaji, ka gwada fitar da shi da awonsa, idan ta ƙi sai ka san matsayinka kafin ka zuba wahalarka.

Game da filin baya kuwa, ban ga manhajar da ta san ƙasar Legas ba. Akwai masu ba ka damar ɗaukar hoton filinka ka liƙa bishiyoyi da furanni a kai, kamar iScape, amma yawancin tsirran da ke cikinsu na ƙasashe masu sanyi ne, ba za ka same su wurin masu sayar da dashe a bakin titi ba. Kuma hoto yana nuna bishiya da girman da ka ba ta ne, ba ya nuna saiwarta. Mangwaro ko darbejiya a filin da bai wuce 'yan ƙafafu ba, nan da wasu shekaru saiwarsu za ta nemi sokawe da harsashin katanga. Ni gwanda da zogale da ayaba na shuka, na bar sauran wurin. Dabarar da ta fi yi mini amfani ba ta kwamfuta ba ce: na kafa turaku na ɗaura igiya a inda kowane abu zai zauna, na bar su sati guda muna wucewa, sai ga shi wurin da na ware wa shanya ya tare hanyar kai mai ga janareta.

Mai Kula da Aikin Gini daga Mile 12 ya amsa:

Ranka ya daɗe, na shekara da yawa ina tsayawa a kan aikin gini, kuma a 'yan shekarun nan masu gida suna yawan zuwa mini da zanen waya. Ina maraba da shi, domin ya fi bayanin baki nesa ba kusa ba, kuma yana rage gardama. Amma manhaja za ta bar ka ka goge kowane bango da dannawa ɗaya, rufin kuma ya ci gaba da tsayawa a hoto kamar ba abin da ya faru. A tsofaffin gidajen da ba bene ba, sau da yawa babu ginshiƙai, bangon bulo ne da linta ke ɗauke da katakon rufi, kuma bangon da ke tsakanin kicin da ɗakin kusa da shi yana iya kasancewa cikinsu. Raba falo da sabon bango na inci 6 abu ne mai sauƙi. Faɗaɗa kicin da fasa sabuwar ƙofa a bangon waje kuwa, sai injiniya mai rajista da COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya hau sili ya duba, ya ce ga inda za a zuba bim, wato kankaren da zai ɗauki nauyin rufin.

Ka kuma sani cewa zanen da ka yi da kanka ba shi ne hukuma ke karɓa ba. A Legas LASPPPA ce ke ba da izinin gini da na sauya fasalinsa, LASBCA kuma ke sa ido a kan aikin, kuma duk mazaunin garin nan ya san jan fentin da ake shafa wa gini idan an saɓa. Zanen neman izini sai mai zanen gine-gine mai rajista da ARCON, hukumar rajistar masu zanen gine-gine ta Najeriya, ya sa hatiminsa. Amfanin naka shi ne ka kai masa ka ce ga abin da nake nufi, sai aikinsa ya yi sauri.

Wasu za su ce maka SketchUp. Tana da kyau, tana da ta kyauta da ake buɗewa a burauza, kuma ta fi sauran iya nuna tudu da gangare, amma tana buƙatar intanet da haƙurin koyo, ba zan ba mai kasuwa shawararta a matsayin ta farko ba. Kuma ko da ita, ruwa sai an bi shi da ido. Ka jira ruwan sama mai ƙarfi na watan Yuni ko Yuli, ka fita da lema ka ga inda yake kwanciya a filinka da inda yake fita zuwa kwata. Gidaje da yawa a Agege titi ya riga ya fi su tudu saboda cikon da aka yi ta yi, idan ka shafe filin baya duka da siminti ko intalok ba tare da gangare ba, ruwan da ƙasa take shanyewa zai nemi ƙofar kicin.

Mazaunin Agege ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sauke Sweet Home 3D, na auna falo da kicin jiya, kuma tuni na ga cewa idan na yanke ƙafa 10 domin baƙi, kujerun da muke da su ba za su shiga ragowar ba, dole a rage zuwa 8. Uwargida ta karɓi wayar tana tsara kicin da kanta, Hajiya, kamar yadda kika ce. Tambaya ɗaya ta rage: shin lissafin faɗin ɗaki da manhajar ke nunawa ya isa in je Orile in sayi tayil da shi?

Ɗalibin Zane daga Yaba ya amsa:

Ya isa ka yi ƙiyasi, Alhaji, matuƙar awonka daidai ne. Ɗaki mai ƙafa 12 a kan 12 kimanin murabba'in mita 13.4 ne, tayil mai santimita 60 a kan 60 kuma yana rufe 0.36, wato kana buƙatar guda 38 idan babu asara. Amma akwai yanka a gefen bango, da wanda zai fashe a mota, da na zagayen gindin bango wanda ba ya cikin wannan lissafin, saboda haka ka ƙara kamar kashi 10 cikin 100, ka kuma sa mai liƙa tayil ya sake aunawa bayan an gama filasta. Ka saye shi duka a lokaci guda daga kaya ɗaya, domin idan ka koma neman ƙari bayan wata biyu, launin yana iya ɗan bambanta ko da sunan iri ɗaya ne.