Wane tsuntsu ne wannan baƙin da ke bin baiwar Allah a bayan gida?

Maman Yara, Rikkos:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masu sanin tsuntsaye, musamman mazauna Jos. A bayan gidanmu akwai ɗan fili da muka shuka masara da alayyafo a gefen bishiyar gwaiba, kuma tun da damina ta kankama tsuntsaye suke sauka a wurin da sassafe. Kurciya da gwara da baiwar Allah na san su tun ina yarinya. Wanda ban sani ba shi ne wani ɗan ƙaramin tsuntsu baƙi wulik mai sheƙi, bakinsa fari-fari, ƙafafunsa ja-ja, wanda sai a watan Agustan nan na fara ganinsa. Yakan zauna a kan wayar lantarki ya yi ta kuka har rana ta take, kuma duk inda baiwar Allah suka sauka kiwo, yana nan tare da su. Wane tsuntsu ne, kuma me ya haɗa shi da su? Sannan ina so in riƙa ajiye musu ruwa da ɗan hatsi, amma maigida yana gudun sauro da ɓeraye, kuma ban ga laifinsa ba. Ko akwai yadda ake yi ba tare da an jawo wa gida matsala ba?

Ɗalibar Ilimin Dabbobi, Titin Bauchi:

Wa alaikumus salam Mama. Bisa siffar da kika bayar, wannan namijin tsuntsun nan ne da masana ke rubuta sunansa Vidua chalybeata, kuma ɗan'uwan zalaidu ne mai dogon bindi. Ina kyautata zaton ba baƙo ba ne a gidanki. Da rani gashinsa ruwan ƙasa ne mai zane-zane irin na tamatarsa, ba mai kula shi, sai damina ta yi nisa lokacin haihuwa ya zo yake zubar da wancan gashin ya fito da baƙin da kika gani.

Abin da ya haɗa shi da baiwar Allah kuwa shi ne reno. Tamatarsa ba ta yin sheƙa, ba ta kwanci. Takan faki ido ta shiga sheƙar baiwar Allah ta saka ƙwanta a cikin nasu, masu sheƙar su kwanta a kai, su ƙyanƙyashe, su ciyar. Cikin bakin ɗan tsakon yana da launi da ɗigo-ɗigo irin na 'ya'yan gidan, saboda haka idan ya buɗe baki neman abinci iyayen ba sa bambanta shi da nasu. Ba ya kuma turo 'ya'yan masu gida waje, tare suke tashi. Abin da ya fi burge ni shi ne kukan: namijin yana koyon kukan waɗanda suka rene shi, ya haɗa da nasa, ita kuma macen da baiwar Allah ta rena namijin da ke irin wannan kukan take zaɓa. Idan kika kasa kunne lokacin da yake kan waya, za ki ji 'yar siririyar muryar baiwar Allah tana fitowa a tsakiyar surutunsa.

Mu mutanen Jos muna da wani rabo na musamman a wannan labarin. A shekarar 1998 wani masani ɗan Amurka, Robert Payne, ya bayyana wa duniya wani sabon nau'in baiwar Allah mai zama a cikin duwatsu, kuma a tsaunukanmu na Filato aka gano ta. Tana da nata baƙin tsuntsun da ke saka mata ƙwai, Vidua maryae, wanda sunansa na Turanci a littattafai har sunan tudun Jos yake ɗauke da shi. Amma ita sai wuri mai duwatsu da kurmi, kamar dajin Amurum da ke Laminga, kimanin kilomita 15 daga cikin gari, inda cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis take aiki tare da Jami'ar Jos. Shi ya sa na ce na gidanki na cikin gari ne, mai bin baiwar Allah da muka saba gani a tsakar gida.

Tsohon Malami, Unguwar Rogo:

Allah ya yi miki albarka 'yata, wannan bayani ya gamsar. Ni kan tambaya ta biyu zan yi magana, kuma Hajiya, ina ganin maigidanki yana da gaskiya a rabin maganarsa.

Batun ruwa mai sauƙi ne. Sauro yana buƙatar mako guda ko fiye kafin ƙwansa ya zama mai tashi, don haka kaskon da ake zubar da ruwansa kullum, a goge cikinsa da soso a sake zuba sabo, ba zai haifi sauro ba. Tsohuwar taya da gwangwanin da aka yar a bayan ɗaki su ne abin tsoro. Kaskon ya zama marar zurfi, a sa dutse a tsakiya, a ɗora shi nesa da inda kyanwa za ta iya laɓewa. Sai dai ki sani yanzu ruwa ko'ina ne, ba su matsu ba. Daga Disamba zuwa Maris, lokacin da hunturu ya busar da komai, a nan ne kasko ɗaya zai tara miki tsuntsayen unguwa.

Hatsi ne ban goyi baya ba, aƙalla a damina. Wanda ya kwana a ƙasa cikin lema yana yin funfuna, kuma ɓera da gafiya ba sa kuskuren ƙamshinsa. Abin da ya fi shi shi ne ki bar wata kusurwa ta filin nan ba a nome ba, ciyawa ta fitar da kai ta yi 'ya'ya, domin ƙwayar ciyawa ita ce ainihin abincin baiwar Allah da asisi da shi wannan baƙin. Abin da ke damuna ƙwarai shi ne yadda feshi ya zama ruwan dare a gidajenmu. Mutum zai sayo maganin ciyawa ya ƙone bayan gidansa ƙurmus, ya bi da maganin ƙwari, sannan ya yi mamakin shirun da yake ji da asuba. Yawancin ƙananan tsuntsaye, har masu cin hatsi, suna haɗa wa 'ya'yansu da ƙwari, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa da yamma bayan ruwan fari ya ga yadda tsattsewa da shirwa da hankaka suke rububin shinge ya san matsayin ƙwari a wurinsu.

Ki kuma riƙa duban ƙasa, ba sama kaɗai ba. Kwaɗo da bushiya da ke fitowa da dare ƙwari da tsutsa suke ci, hawainiya ma haka, ba ta da dafi ko kaɗan. Mujiya da ake jifa saboda camfi ɓeraye take kama muku. Ina roƙon iyaye su hana yara harbin waɗannan halittu da danƙo, domin babu abin da suka tsare mana.

Manomi daga Bukuru:

Baba, na yarda da maganarka, amma a ƙara da gargaɗi ɗaya. Inda ciyawa ta yi duhu kwaɗi ke taruwa, inda kwaɗi suka taru kuma maciji yakan biyo. Kusurwar da za a bari ta zama can jikin katanga, a share hanya tsakaninta da ƙofar ɗaki, kada a tara itace ko bulo kusa da ita, kuma kada yaro ya shiga ba takalmi. Idan Hajiya ta nace sai ta ba su wani abu, ta watsa ɗan tafin acca da safe a kan faifai, gwargwadon abin da za su cinye kafin hantsi, ta ɗauke faifan. Ƙwayar acca ƙanana ce, daidai bakinsu, ba kamar dawa ba wadda tattabaru da hasbiya za su zo su kwashe.

Maman Yara, Rikkos:

Na gode muku ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan bar kusurwar jikin katanga, kaskon kuma sai kaka ta wuce. 'Yata ɗaliba, babban ɗana ya fara rubuta sunayen tsuntsayen da muke gani a littafi. Shin irin wannan rubutun yana da amfani ga masu bincike, ko na gida ne kawai?

Ɗalibar Ilimin Dabbobi, Titin Bauchi:

Yana da amfani sosai Mama, muddin yana rubuta kwanan wata da wuri. Tun 2015 cibiyar ta Laminga take jagorantar aikin tsara taswirar tsuntsayen Nijeriya, kuma talakawan gari masu sha'awa ne suke aika abin da suka gani ta manhajar waya mai suna BirdLasser. A dajin Amurum kaɗai an rubuta nau'i sama da 300, amma bayanan cikin unguwanni ma ana buƙatarsu, domin da su ake gane wanda ke ƙaruwa da wanda ke ɓacewa, kamar yadda ungulu ta yi ƙaranci a mahautanmu.

Ki ce masa ya sa ido sosai daga Satumba zuwa Oktoba. A lokacin ne shamuwa, wadda ta zo da ruwan fari ta yi haihuwa, take kama hanyar kudancin Afirka, su kuma ƙananan tsuntsayen da suka tafi Turai yin sheƙa tun Afrilu suke tsallako Sahara suna dawowa Filato. Idan ya ga wanda bai sani ba, ya fara rubuta girmansa, da launin baki da ƙafa, da abin da yake ci, kafin ya nemi waya ya ɗauki hoto, sai ku turo nan mu duba tare.