Wane ne "American", ɗan ƙasa ko ɗan nahiya?

Mai Fassara, Wuse, Abuja:
Assalamu alaikum. Aikina fassara labarai daga Turanci zuwa Hausa, kuma akwai kalmar da take ɗaure mini kai. Turawa suna kiran ɗan ƙasar Amurka "American", alhali mutumin Brazil ko Meziko shi ma a nahiyar Amurka aka haife shi. Idan rahoto ya zo da wannan kalma, da wace hujja zan ce Ba'amurke ake nufi?

Malamin Tarihi, Unguwar Rogo, Jos:
Wa alaikumus salam, Malama. Asalin sunan na nahiya ne, domin a taswirar da Martin Waldseemüller ya fitar a 1507, a kan yankin kudu ya rubuta shi don karrama Amerigo Vespucci, wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Italiya da ya kai gaɓar yankin. Ƙasar da ta ayyana 'yancinta a 1776 kuwa ba ta da wani gajeren suna nata na kanta, sai mutanenta suka riƙe na nahiyar, har ya bi su. A Turancin yau kusan ko da yaushe ɗan ƙasar ake nufi, amma ki yi hattara idan labarin ya taso daga nahiyar Amurka ta Kudu, inda masu jin Sifaniyanci suke da wata kalma dabam ta ɗan ƙasar, "estadounidense", kuma da yawansu ba sa jin daɗin yadda maƙwabciyarsu ta mallake sunan.

Tsohon Ɗan Jarida, Garki:
Malam ya yi bayani, sai dai wadda ta fi cizon mu tana nan kusa. Harafi guda ne ya raba "Nigerian" da "Nigerien", kuma lokacin juyin mulkin Yamai a watan Yulin 2023, mai fassarar da ya yi garaje sai ya wayi gari ya ɗora wa sojojin Najeriya abin da na Nijar suka yi. Hausa ta huta da wannan, tunda ɗan Nijar dabam, ɗan Najeriya dabam.

Haka nan "Asian": a Birtaniya galibi ɗan asalin Indiya ko Pakistan ake nufi, a Amurka kuwa hankali ya fi karkata ga Sin, Koriya da Japan. Don haka ki fara duba inda aka rubuta labarin.

Malamin Tarihi:
Mu ma ba mu tsira ba, Alhaji, tunda muna kiran Birtaniya baki ɗaya Ingila. Ka ce wa mutumin Glasgow, birnin da ke yankin Scotland na Birtaniya, ɗan Ingila ne, ka ga yadda zai ɓata rai.