Me ke kayar da ƙananan jirage idan hadari ya taso?

Ɗalibin Tuƙi: Salamu alaikum malamai. Duk lokacin da ƙaramin jirgi ya faɗi cikin hadari, sai a ce "rashin kyawun yanayi" a yi shiru. Tsawa ce ke faɗa musu ko me?

Kyaftin: Wa alaikumus salam. Ba kasafai tsawa ke kayar da jirgi ba, aikin iska ne. A cikin gajimaren hadari wata iskar na hawa, wata na sauka, kafaɗa da kafaɗa. Mai saukar kan kai ƙafa 6,000 a minti, alhali ƙaramin jirgi samfurin Cessna 172 ba ya hawa fiye da wajen ƙafa 700 a minti. In ta danne ka kusa da ƙasa, ko ka ba inji wuta duka ba za ka tashi ba. Shi ya sa hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Amurka (FAA) ta ce a ba hadari mai ƙarfi tazarar mil 20, kuma kada a bi ta ƙarƙashinsa ko da ana hango haske a can gaba.

Injiniya: Gaskiya ne Kyaftin, amma sau da yawa matuƙin ne ke karya jirgin da hannunsa. Da ya daina ganin ƙasa sai sashen cikin kunnensa mai jin daidaito ya ruɗe shi: jirgi ya karkata yana gangarowa, shi kuwa yana jin daidai yake. Ya ga gudu na ƙaruwa, ya fizgi sandar tuƙi, nauyin da ke kan fukafukai ya wuce ninki 3.8 na nauyin jirgin da aka ƙera irin waɗannan jirage su ɗauka, fiffike ko wutsiya ta ɓalle. In an riga an shiga hadarin, a rage gudu zuwa wanda littafin jirgin ya kayyade wa gargada, a kunna ɗumin bututun auna gudu saboda ƙanƙara, a daidaita fukafukai da na'ura, ba da ji ba. Tsayi kuwa a bar shi ya yi ta hawa da sauka. Kada a juya, juyi ƙarin nauyi ne.

Mai Hasashen Yanayi: Ɗalibi, ka kiyayi hoton rada na yanayi da ke zuwa a kwamfutar hannu. A 2012 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka (NTSB) ta yi gargaɗin cewa yana iya makara da minti 15 zuwa 20 fiye da lokacin da ke rubuce a jikinsa, kafin nan giɓin hadarin da kake nufa ya rufe. Ƙwarewa ma ba ta hana: Scott Crossfield, matuƙin da ya fara ninka gudun sauti sau biyu a 1953, cikin hadari Cessna 210 ɗinsa ya tarwatse a jihar Jojiya ta Amurka a 2006.