Gwada kaya a waya kafin saye: abin da aka tattauna

Jama'a, zancen ya yi tsawo. Ga abin da na tsinto kan manhajojin da ke ƙera siffar jikinka a waya, su sa mata kaya ka gani kafin ka biya.

1. Kusan kowa ya yarda awo ne ginshiƙi. Tela ya auna maka kafaɗa, ƙirji, ƙugu da tsawon hannu, ban da kintace. Hoto kuma a tsaye, cikin haske.

2. Telolin Sabon Gari da Tudun Wada a Zariya sun ce abin ya fi dacewa da ƙananan kaya. Babbar riga mai aikin aska takwas irin na cikin birni, allo ba ya nuna nauyinta, ko yadda take zuba idan an naɗe ta a kafaɗa. Ni ma nan na tsaya, shadda sai an taɓa.

3. An rabu kan hoton mata. Wasu sun ce awo kawai za a shigar, don hoton yana komawa hannun kamfani. Ɗaliban Samaru suka ce a karanta sharuɗɗan manhajar, a goge hoton bayan an gama.

4. Launi a waya yakan sha bamban da na ido, a fara tambaya ko ana karɓar kaya in an mayar.