Neman taimako kan tabo mai ruwan ƙasa a ganyen saponariya

Assalamu alaikum. Ina da shukar saponariya, wato tsiron nan da saiwarsa ke yin kumfa kamar sabulu, kuma makonni 3 ke nan da tabo mai launin ruwan ƙasa ya fara bayyana a ganyenta na ƙasa, wani har da zobe rawaya a kewaye. Na tsinke ganyen da suka kamu, na daina watsa ruwa ta sama, sai a gindi da safe kawai, amma tabon bai daina hawa ba. Zatona fumfuna ce, domin shukar ta cunkushe ƙwarai. Ta yaya zan bambance ta da cutar bakteriya ko ƙunar rana? Shin in yi feshin magani mai sinadarin tagulla, ko in rage rassan tukuna?